Honorabul a Kan Akwatin Tumatir

Har gobe ban manta da safiyar da na kai Honorabul Mamman Na-Fadama kasuwar Aziziya ba. Ku sababbin direbobi ku buɗe kunne, don irinsa ba su ƙare ba.

Lokacin ina tuƙi a wani kamfanin sayar da kayan ban-ruwa a nan Riyad. Mudir, wato manajanmu, ya kira ni ofis ya ce an yi baƙo daga Najeriya, ɗan majalisar jiha, ya zo duba injinan noman rani, tunda harshenmu ɗaya ni zan riƙa ɗaukarsa. Da na ji sunan sai na ce ikon Allah, ai ɗan yankinmu ne! A da manomin albasa ne na gaske, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Daga shugaban ƙungiyar manoma ya zama kansila, daga kansila ya haye majalisa, har ya maimaita. A majalisar kuwa aikinsa ɗaya ne: duk abin da aka kawo sabo, sai ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce ba haka muka gada ba. Ya yaƙi gidajen kallon ƙwallo, ya yaƙi makarantar ungozoma. Takin da ya yi wa manoma alkawari kuwa, har yau ana jira. Da na gaishe shi, hannun nan da ya saba da fartanya ya yi laushi kamar na amarya.

Injinan da suka kawo shi, kallo ɗaya ya yi musu, yaronsa da ya taho da shi daga gida ya ɗauki hoto, shi ke nan an gama aikin gwamnati. Washegari ya ce in kai shi inda 'yan gida suke. Na san Aziziya yake nufi, babbar kasuwar sarin kayan gwari, inda mutanenmu ke sauke kaya daga manyan motoci.

Ga wanda bai sani ba, iƙama ita ce katin zaman ƙasa. A jikinta akwai sunan kafili, wato wanda ya ɗauko ka, da sana'ar da ka zo yi. In aka kama ka kana wata sana'a dabam, sai tarhil, gidan da ake tsare mutum kafin a mayar da shi ƙasarsu. A shekarun nan an tsananta bincike, kowa a Aziziya yana aiki ne yana waige.

Tun a mota na ce masa, "Ranka ya daɗe, nan ba gida ba ne. Ba a tara jama'a. A gaisa ɗaya bayan ɗaya mu wuce."

Ya yi dariya. "Yaro, ni za ka koya wa jama'a? Tun kana goye nake taro."

Na ci gaba da tuƙina.

Muna shiga ya hango Malam Iro ɗauke da buhun dankali. Malam Iro maƙwabcin gonarsa ne a fadama tun suna samari. Ambaliya ta cinye masa gona, ya zo nan da iƙamar makiyayi, kafilin ya sake shi ya je ya nemi na kansa. Da dakon nan yake ciyar da gida guda, har da matarsa mai ciwon ƙoda. Bawan Allah ya ajiye buhu ya gaishe shi, yana neman sulalewa. Ina! Honorabul ya cafke masa hannu, ya kifa akwatin tumatir, ya haye.

"Jama'ata! Ga ɗan'uwana manomi! Ni ma manomi ne ɗan manomi!"

Mutanenmu kuma da son kallo, nan da nan suka kewaye shi. Wani sakarai har da kuwwa, "Sai ka yi!" Kamar a nan akwai akwatin zaɓe. Na ja masa riga, ya fizge. Larabawa 'yan kasuwa suka tsaya suna kallon ikon Allah, masu gadi suka buga waya. Kafin ya kai kan tarbiyyar matasa, motar 'yan sanda ta tsaya.

Kowa ya watse, wasu ta ƙarƙashin motoci. Malam Iro kaɗai ya rage, don har lokacin hannunsa na sama a cikin na Honorabul, ana jira yaron ya ɗauki hoto mai kyau.

"Iƙama!" in ji ɗan sanda.

Honorabul ya zaro fasfonsa na jami'in gwamnati. Suka duba, suka ce ya sauko ya bar kasuwar. Tawa lafiya lau take. Ta Malam Iro suka karanta, suka kalli buhun dankali, suka nuna masa mota. Aka tafi da shi, takalminsa ɗaya ma a nan ya bari. Wallahi ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.

A hanya na roƙi Honorabul. "Ranka ya daɗe, ka kira ofishin jakadanci, ko ka sa baki wajen mudir. Kai babba ne, za a saurare ka."

Ya gyara zama ya ce in ƙara sanyin mota. "Ai alheri ne ya same shi. Ya koma gida ya kama fartanya. Wannan ci-ranin naku shi ya kashe mana noma."

Muka ci gaba da tafiya. Da muka tsaya a danja sai ya taɓa kafaɗata. "Af, na tuna. Ɗana Nasiru ya gama makaranta yana zaune. Ka yi wa mudirinku magana a samo masa biza, ko tuƙi ne."

Na ce to. Har ya bar ƙasar nan ban faɗa wa mudir ba, kuma ban yi nadama ba.

Malam Iro ya yi makonni a tarhil, aka ɗauki zanen yatsunsa, aka sa shi a jirgi, ba damar dawowa. Gonar da aka ce ya koma babu ita.

To abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Baƙo tikitin komawa ne a aljihunsa, ku da 'yan'uwanku kuwa iƙama ce a naku. Ku kai babban mutum otal, ku kai shi asibiti, ku kai shi kasuwar Dira ya sayi turare. Amma ranar da ya ce ku kai shi wajen 'yan gida, ku ce ba ku san hanya ba.