Hon ɗin Lindsay Pohlner

Ranar da na fi jin kunya a filin ƙwallonmu na Wirrabeal, barci ne ya ja mini. Asabar ce, na ci burodi da gasasshen nama har na ƙoshi, na shige a-kori-kurata na ɗaga gilashi saboda iskar hunturu, sai gyangyaɗi ya ɗauke ni. Ina buɗe ido na ga ƙwallo ta ratsa tsakanin dogayen sandunan golan gabas, alƙalin gola yana kaɗa tutocinsa alamar an ci, ni kuwa na kwanta a kan hon da duk ƙarfina. Ashe an canja gida ina barci. 'Yan garin Carrowin ne suka ci mu, kuma a duk layinmu ni kaɗai nake taya su murna.

Kowa ya yi dariya ban da mutum ɗaya. Lindsay Pohlner ya sauke gilashinsa a hankali, ya dube ni kamar na tofa yawu a coci, ya mayar da gilashin. A kansa nake son yin magana, don ni dai tawa wautar a minti ɗaya ta ƙare.

Mu a mota muke kallon ƙwallo. Kowane gida yana da wurinsa a bakin shinge, hancin mota yana duban fili, in yaranmu sun ci a danna hon, in alƙali ya yi son kai ma a danna. Ba a rubuta wuraren a ko'ina ba, amma gara ka shiga gonar mutum da garmarka da ka tsaya a wurin motarsa. Wurin gidan Pohlner shi ne ƙarƙashin tsohuwar bishiyar turaren da ke gefen gabas, inda inuwarta take kare mutum daga rana, iska kuma ba ta isa. Mahaifinsa, tsoho Herb, shi ya kama wurin tun zamanin da ake tada mota da hannu. Herb ɗan wasa ne na gaske, sunansa yana jikin allon girmamawa a zauren kulob. Lindsay kuwa kakar wasa ɗaya ya buga yana saurayi, kuma waɗanda suka gani sun ce duk lokacin da ƙwallo ta nufo shi sai ya tuna igiyar takalminsa ta kwance. Wurin tsayawar motar shi ne abin da ya gada na ƙwallo, ya kuwa riƙe shi da haƙora.

Yanzu ya haura sittin. Gonar alkamar da aka bar masa ya daɗe da ba da ita haya, tumakin ya sayar, sauran aikinsa a duniya ƙin yarda ne. Da aka ce za a sa fitilu a fili, ya ƙi. Da aka ce za a gina wa 'yan mata ɗakin canja kaya su daina canjawa a bayan mota, ya ce uwayensu ma a bayan motar suka canja kuma ba su mutu ba. Duk makon da muke da wasa a gida, tun ranar Laraba yake kai a-kori-kurarsa ƙarƙashin bishiyar ya kulle, matarsa Glenys ta biyo shi ta mai da shi gida. Babu mahalukin da zai taɓa wurin ko an bar shi fili shekara guda, amma shi ya ce mutane ba su da amana. Amfanin abin na biyu, wanda ba ya faɗi, shi ne ranar Asabar sai ya ratso ta ƙofar baya da ƙafa, in mai karɓar kuɗin shiga ya yi magana ya ce ai shi tun Laraba yake ciki.

Sai hon ɗin. Na wata tsohuwar tirela ne ya ciro ya ɗaura, in ya danna har tsuntsayen da ke kan rumbun hatsi can bakin layin dogo sai sun tashi. Lindsay ba mai yawan magana ba ne, duk abin da ke cikinsa ta nan yake fitowa.

Kulob ɗin kuwa mutuwa yake yi a tsaye, kuma ina da bakin faɗin haka tunda na daɗe a kwamiti, ni ne mai riƙe lasifika a duk wani taron neman taimako. Gonaki sun haɗe sun koma hannun mutane kaɗan, samari sun gudu birni. Kafin mu cika 'yan wasa sai mun ɗauko wasu daga birnin Ballarat, a biya musu mai, a biya su ladan gumi. Rufin ɗakin wanka yana yoyo, inshora tana hawa, gonar da manoma suke noma wa kulob kyauta fari ya cinye ta shekara biyu a jere. Mun yi gwanjon raguna, mun yi ta sayar da tikitin cacar cin tiren nama har mahauci ya fara ɓuya in ya hango ni. A ƙarshe shugabannin gasar suka ce in ba mu tsaya da ƙafarmu ba, baɗi za a haɗe mu da Carrowin, a filinsu, da rigarsu.

Ana cikin haka wani kamfani ya aiko mutanensa. Tashar rarraba wuta tana bayan shingenmu na gabas, su kuma suna neman wurin da za su jera manyan batura cikin kwantenoni, su tara wutar rana da tsakar rana su sake ta da yamma. Suka ce a ba su hayar zirin ƙasar gabas, za su riƙa biyan kulob duk shekara abin da zai riƙe shi. Shugabarmu Raelene Nuske, mace mai aski a gari wadda ba ta san wasa ba in ba na fili ba, ta ce ko zirin gashin kanta suke so ta ba su. Kamfanin ya shigar da takardar neman izinin gini a ƙaramar hukuma. Da aka liƙa zanen a zauren kulob, Lindsay ya sa tabarau ya bi layin da ɗan yatsa, ya ga ya haɗiye layin motocin gabas gaba ɗaya, har da bishiyar.

Bai taɓa cewa saboda wurin motarsa ne ba, ko sau ɗaya. Mutumin da yake ƙona tayoyi a bayan gidansa ya wayi gari masoyin muhalli. Ya ce baturan za su fashe su cinye garin, za su kashe ƙudan zuma, za su sa tumaki ɓari, shi da ba shi da ko ɗan rago. Ya ce ƙugin fankokin da ke sanyaya su zai hana jama'a barci. A taron gari na tambaye shi ko wannan damuwa da hayaniya daga mai hon ɗin tirela take fitowa, ya ce a gaya wa Warrick, wato ni, ba da 'yan wasan kwaikwayo yake magana ba.

Ya samu mabiya, kuma ba duka ne sakarkaru ba. Akwai Beryl Ruwoldt, tsohuwar da gidanta yake daf da shingen, wadda da gaske ƙugin yake damunta, don ita a barandarta take yini. Ita tana da magana mai kama hankali. Kuskurenta ɗaya, ta bar Lindsay ya zama bakinta.

Hukuma ta duba ƙorafe-ƙorafen. Batun wuta, masu kashe gobara suka ce tsarin ya yi. Batun zuma da tumaki ba a ko amsa ba. Abu ɗaya ya tsaya, hayaniya. Ƙa'idar ita ce kada ƙugin baturan ya zarce irin ƙarar da wurin ya saba da ita da yawa. Ke nan in wurin shiru ne, kamfani ya shiga uku. Wirrabeal kuwa in ba ranar wasa ba, tari za ka yi a bakin gidan waya a ji ka a maƙabarta. Raelene ta fara zancen launin rigar Carrowin da murya ta mai zaman makoki.

Sai aka turo wata mata da na'ura. Ta kafa sanda kusa da bishiyar, ta ɗaura wani abu mai gashi kamar kan ɓera a samanta, ta ce za ta bar shi mako biyu yana auna shirun wurin, ta shiga mota ta tafi. Raelene kaɗai ta tsaya ta ji bayanin. Lindsay daga nesa ya hango abin, ya zagaya shi, ya gane makirfo ne, ya kuma yanke hukunci shi kaɗai cewa hukuma ta ajiye kunnenta ne don ta ji yawan masu adawa.

To mutumin Wirrabeal in yana da ra'ayi, ka san inda hannunsa yake zuwa. Kafin la'asar Lindsay ya bi gida gida ya ce duk wanda ba ya son batura, in ya zo wucewa ta filin ya danna hon ya riƙe, gwamnati tana ji. Shi kuma ya kai motarsa tun Litinin, wannan karon yana ciki, da filas ɗin shayi da abin karin da Glenys ta ƙunsa masa. Daga safe zuwa faɗuwar rana yake aiki. Bai taɓa yi wa gonar ubansa irin wannan hidimar ba.

Na je wurin Raelene ina dariya, na ce ko in je in fahimtar da dattijon. Tana cikin yi wa wani aski, ta nuno ni da almakashi.

"Warrick, bakin nan naka ya sha jawo mana asara. Ka buɗe shi a kan wannan, wallahi da wannan zan gyara maka shi."

Na ce to in na zo wucewa fa?

"Ka danna," in ji ta. "Ai dattijo ya roƙa."

Haka aka yi. Masu adawa suna dannawa, 'yan kwamiti suna dannawa, motar makaranta tana dannawa, direbobin hatsi da ba su san kan zance ba suka ga abin ya zama al'ada su ma suka shiga. Duk wanda ya danna, Lindsay ya ɗaga masa hannu ya amsa da nasa. Ni da na wuce har babban yatsa ya ɗaga mini, ya gaya wa Glenys cewa ko wawan nan ya dawo hanya. Beryl kuwa ta rufe tagoginta ta koma ɗakin baya, tana haƙuri don an ce mata yaƙinta ake yi.

Ranar zaman hukuma zauren ya cika. Lindsay ya sa rigar kwat ɗin jana'iza ya zauna a gaba. Jami'in tsare-tsare ya karanta sakamakon da muryar mai jin barci. Ya ce an cire mafi munin ƙararrakin daga lissafi, amma ko da abin da ya rage, gefen gabas na filin Wirrabeal ya fi bakin wata babbar hanyar hayaniya, don haka ƙugin fankoki ba zai ƙara komai ba. Kansiloli suka ɗaga hannu, izini ya fita.

Lindsay ya miƙe, ya ce shi bai gane ba, shin ba su ji hon ɗin jama'a ba ne? Jami'in ya ɗago kai ya ce sun ji, sun ji ƙwarai, shi ne ma abin da ya karanta yanzu. Sai da maganar ta zagaya zauren ta dawo kafin ta shiga kansa. Na ga wuyansa ya yi ja har kunne. Beryl ta tashi ta ɗauki jakarta, ta tsaya a gabansa ta dube shi, ta fita. Ita kaɗai ce ban yi wa dariya ba a ranar.

Kafin sabuwar kaka an sare bishiyar, an zuba kankare, fararen kwantenoni sun jeru a bayan waya suna ƙugi kamar firji. An gyara rufin ɗakin wanka, an ɗauko ƙarin yara daga Ballarat, muka ci gaba da shan kashi a filinmu da rigarmu, wanda shi ne duk abin da muke roƙo. Gidajen layin gabas aka raba musu wurare a yamma, inda babu inuwa, iska kuma take dukan mutum. Raelene da kanta ta keɓe wa Lindsay wuri, ya aiko mata cewa motar Pohlner ba ta tsayawa a yamma. Wasannin farko bai zo ba. Glenys ta ce a tsakar gida yake zama cikin motar, da rediyo.

Ranar da za mu kara da Carrowin sai ga shi, da ƙafa, ta babbar ƙofa, har ya biya kuɗin shiga, abin da ya sa mai karɓa ya ɗaga takardar yana duba ta a rana. Ya tsaya a bakin shinge cikin iska, hannaye a aljihu. Yaranmu suka ci, fili ya ɗauki hon, na ga hannunsa na dama ya fito yana neman abin dannawa, ya rasa, ya koma aljihu.

Bakina bai bar ni ba. Na matsa kusa da shi na ce, "Dattijo, sannu da zuwa. Kwamiti yana shawarar sa sunanka a allon girmamawa, ƙarƙashin na Herb. Shi ya ceci wasa da ƙafa, kai ka ceci kulob da hon. Me za mu rubuta?"

Bai ko juyo ba, idonsa a kan fili.

"Rubuta cewa wautata ta mako biyu ta yi abin da wayonka ya kasa tun kana da gashi a kai. Matsa, sarkin surutu, ka tare mini gola."