Yaron da Ba a Ƙidayawa

Ban riƙe alƙalamin boko ba sai da furfura ta fara fito mini a gemu. Lokacin Turawa ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba. Hakimi ya sa a nemo mutum uku masu ɗan karatun allo, a kai su Jega wurin wani Bature mai koyar da ƙidayar jama'a. Aka ɗauki wani mahauci na Jega, da wani manomin albasa na Aliero, da ni daga Danwarai. Ni an ɗauke ni ne don ba na gardama.

Da safe mukan koyi baƙaƙen boko, bayan azahar kuma lissafi. Baƙaƙen nake so. Na kai inda nake haɗa uku su ba ni kalma, ba na kuwa son a raba ni da su.

Baturen ba ya jin Hausa, sai ta bakin tafintansa, wani dattijon Bafulatani mai tsabta. Ya koya mana cewa ba sai ka shiga kowane gida ba kafin ka san yawan yaran gari. Kowane gida a rubuta lambarsa a kan sakaina, a zuba a ƙwarya, a rufe ido a ɗebo goma. Waɗannan kaɗai za ka je. Ka tara yaransu, ka raba gida goma, abin da ya fito shi ne matsakaici. Ya gwada mana a allo, ya fito uku da rabi.

Mahauci ya ce wa tafinta, "Malam, tambaye shi, rabin nan na sama na ko na ƙasa?"

Tafinta bai fassara ba.

Ranar gwaji aka ce kowa ya tafi gari guda. Bature ya ce mutanen ƙasa ɗaya ba sa nisa da juna a haihuwa, saboda haka wanda lissafinsa ya kauce wa na sauran biyun zai koma gida. Ni kuwa aka tura ni Karaye, a ƙasar Maiyama.

Gidan farko na yi sallama, maigida ya fito zaure.

"Baba, ɗiyanka nawa?"

"Ukku."

Ina kallon huɗu suna sussukar gero a ƙofar gida, babbansu kamarsa sak. Ban yi mamaki ba. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya sa shi a lissafi, kunya ce. Ni ma haka nake yi. Amma an ce mini yara zan ƙidaya. Sai na daina tambayar iyaye, na riƙa neman tsohuwar gida ko ta maƙwabta. Su ba ruwansu. Wata ma har da waɗanda ke ciki, ba a haife su ba, ta ba ni, na cire.

Muka koma Jega. Na mahauci uku da ɗan kai, na manomin albasa haka, nawa huɗu da ɗan kai. Su ma sun san al'adar, amma abin da maigida ya faɗa shi suka rubuta, don ba a ƙaryata mutum a zaurensa.

Bature ya ce in naɗe tabarmata.

Na durƙusa na yi bayani. Tafinta ya fassara a gajarce. Bature ya ce bai taɓa jin uban da ke manta ɗansa ba.

Na ce, "Zaki, ba mantuwa ta ba. A tambayi malam tafinta nashi ɗiyan nawa."

Dole tafinta ya fassara wannan ma, ya kuma amsa da kansa. "Biyat."

Wani tsohon dogari da ke tsaye a bakin rumfa ya ce, "Shidda dai. Ni nic ci naman sunan na farin."

Bature ya tambayi abin da dogarin ya ce. Tafinta ya dubi ƙasa ya fassara. Bature ya ce to yaya sunan na shidan. Tafinta ya gyara rawaninsa, ya sake gyarawa, sunan ɗan farinsa ya ƙi fitowa daga bakinsa. Muka zauna haka har wani jaki ya gama kuka a bayan rumfar.

Bature ya daɗe yana rubutu. Sannan ya ce mahauci da manomin albasa su koma su sake, tsofaffi za su tambaya.

Mahauci ya raɗa mini, "Allah shi isa, mutumin Danwarai. Tsohin Jega ba su ƙare zance."

Kwana takwas suka yi. Ni kaɗai na rage a darasin safe, a kwanakin nan na ƙarasa baƙaƙen duka. Tafinta ne ya koya mini su, yana nunawa da kara, bai dube ni ba ko sau ɗaya.