Adireshin Mai Tabarmi

A tashar Madawa, inda motocin Buza ke lodi, akwai wata mata da nake kallo kowace ranar kasuwa, kuma ba don ƙauna ba. Doguwa ce, ɗaurin kallabinta a karkace, yatsunta duk sun yi ja da rinin kaba. Tabarmi take sayarwa, kamar ni. Nawa ma sun fi nata tsaurin saƙa.

Mota ta fara motsi, sai wani dattijo da ya sayi tabarmi a wurinta ya leƙo ta taga: "Hajiya, in ina son wasu hwa?"

Ko tashi ba ta yi ba. Ta kanga hannu a baki: "Baba, a intanet ka rubuta tabarmin Balki, shi ke nan!"

Ya maimaita sau ɗaya, ya gyaɗa kai, mota ta tafi da sunanta a bakinsa.

Ni ma ina da shafi. Amma adireshina jerin lambobi ne da haruffa, da alamar tambaya a tsakiya. In ina karanta wa mai saye a talho, kafin mu kai rabi sai ya ce rezon waya ya ɗauke.

Ina zaton wanda ya buɗe mata shafi ya zauna ya tambaye ta yadda mutane ke kiranta. Wanda ya buɗe min nawa cewa ya yi duk ɗaya ne.

Jiya ƙanwata ta kira daga Keita, ta yi baƙi, ta sayi tabarmi.

"Yaya, adireshinka bai zauna min a kai ba," in ji ta. "Wurin wata Balki na saya."