Kanofi a Ƙofar Gidanmu

Gidanmu a Kamazou yana kan kwana, abin da ya haɗa mu da kanofi ke nan. Lokacin da masaƙa ta sallami Baba, ya tattara ɗan abin da aka ba shi ya sayi fili a ƙarshen layi, ya gina ɗakuna can baya, ya bar gaba fetal wai zai yi shaguna. Shagunan nan har yau suna cikin kansa. Layinmu kuwa matsattse ne, kowa ya yi gini har bakin kwata, don haka duk taron da ya taso a layin, a ƙofarmu ake kafa kanofi a jera kujerun roba. Mai hayar kujeru ba ya ko tambaya. Da an ce masa layinmu, sai ya zo ya juye kayansa a gaban gidanmu ya kama gabansa.

Kowa a unguwar ya iya karanta kanofi. Na ranar Asabar biki ne, kana jin ƙanshin shinkafa tun daga bakin titi. Wanda aka kafa a tsakiyar mako, ga dattawan coci zaune sun yi jugum, wannan ba sai an faɗa maka ba. A wajenmu ba a gaya wa uwa mutuwar ɗanta ta waya. Dattawa ne za su tako da ƙafarsu, fasto a gaba, su zaunar da ita su faɗa mata, kafin ta gama kukan farko kujeru sun iso.

Shekarar da yaƙin arewa maso gabas ya yi zafi aka ce za a ɗauki kuratan soja, sai samarin unguwarmu suka haukace. Aiki dai babu, takardu na cikin akwati, kowa ya gaji da zaman bakin shago. Cikinsu har da autanmu, da abokinsa ɗan maƙwabciyarmu. Maman Tsallake muke kiranta, don kwata ce kawai ta raba ƙofarta da tamu. 'Yar Binuwai ce, mijinta ya rasu, ɗan nan shi kaɗai ne namiji a ɗakinta, sana'arta ƙuli-ƙuli. Ita da Mama sun fi 'yan uwa, amma a kan zancen soja sun sha bamban. Ita cewa take yi, "A bar yaro ya zama mutum." Mama kuwa ta ce ita ba ta haifi ɗa don a kai mata shi daji ba.

Matsalar autanmu tsawo. Abokinsa dogo ne sambal, shi kuwa namu ya ɗauko gajartar Baba kaf, bai rage komai ba. Aka ce masa ana auna tsawo a wajen ɗauka. Kai, mun sha kallo! Kullum da safe sai ya rataye a reshen mangwaron bayan gida yana lilo, wai ƙashinsa ya miƙe. Ni kuwa in zo wucewa da bokiti in ce, "Yallaɓai, in ka nuna ka faɗo mu sha." Wani tsohon saje da ya yi ritaya a layinmu ya ɗauki nauyin horar da su, yana tsaye da sandarsa yana daka musu tsawa, su kuma suna zagaya unguwa da gudu, karnuka na binsu.

Mama ma ta shiga nata horon. Tuwon acca take tula masa da miyar karkashi har ya kasa tashi, wai ko ya yi nauyi ya kasa gudu. A coci ana addu'a Allah ya ba samarinmu nasara, kowa na cewa amin, Mama ta kame bakinta gam. Kuma shirun Mama ba ya ɓoyuwa, domin ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, muryarta ba ta buƙatar lasifika. In ta kira ni daga kicin, har Maman Tsallake sai ta amsa. Na tambaye ta, "Mama, ke me kike roƙo?" Ta ce, "Ina roƙo Allah ya bar mini shi yadda ya halicce shi, guntu."

Ko mangwaron ne ya yi aiki, ko mai awon ne ya kau da ido, oho. Aka ɗauke su duka biyun. Suka tafi Zariya horo, suka dawo baƙi ƙirin, kai a aske, wuya duk jijiya, suna cin abinci kamar ana binsu. Ranar Asabar aka kafa musu kanofi, aka yi rawa, Maman Tsallake ta sa hular ɗanta tana sara wa kowa. Mama ta yi rawar ita ma, tana yi tana harara. Ba a jima ba aka tura su gabas, a runduna ɗaya.

Daga nan layinmu ya koma bariki. Tsohon saje ya zama mai fassara labarai, in rediyo ya faɗi sunan wani gari sai ya zana taswira a ƙasa da sandarsa ya nuna mana inda yaran suke, alhali shi ma bai sani ba. Waya kuwa sai a yi makonni babu sabis a can. In ta shigo, duk wanda aka samu a cikinsu shi ne na kowa. Mama za ta ƙwala kira ta kan katanga, Maman Tsallake ta tsallako da cokali a hannu, su haɗa kai a kan waya ɗaya, kowacce na tambayar ko suna cin abinci.

Abin da ya fi haɗa su shi ne saƙo. Akwai wani direban babbar mota da ke zuwa gabas lokaci-lokaci, shi ke kai musu kaya. Mama ta yi dambun nama da yaji, Maman Tsallake ta soya ƙuli-ƙuli, a haɗa da gari da suga a buhu ɗaya a ɗinke. Kullum sai sun yi faɗa a kan buhun nan. Mama ta ce ƙulin ya cinye wuri, ita kuma ta ce yajin Mama zai kashe yara tun kafin abokan gaba su gan su. Ni ce mai ɗinke baki, ni ce kuma mai ɗanɗanawa, ba na wasa da aikina.

Wata Laraba da hantsi, Mama na kasuwar Barnawa inda take sayar da kayan miya, wayar Baba ta yi ƙara. Autanmu ne. Ina tsaye na ga Baba ya nemi wuri ya zauna. An yi musu kwanton ɓauna, shi ya fita lafiya, abokinsa bai fita ba. Baba ya sa riga ya tafi wajen fasto, dattawa suka taru suka shiga gidan Maman Tsallake. Kukan da na ji daga tsallaken kwatar nan, har yau yana kunnena.

Kafin azahar mai kujeru ya zo ya yi abin da ya saba, ya kafa kanofi a ƙofarmu. Ɗakin Maman Tsallake ya yi wa mutane kaɗan, sai mata suka fito da ita suka shimfiɗa mata tabarma a inuwar. A nan ne Baba ya tuna da Mama. Muka kira wayarta, a kashe, don tun jiya ba a kawo wuta ba. Na hau keke na nufi kasuwa, aka ce ai ta rufe da wuri ta tafi. Mun yi saɓani.

Ina sauka a bakin layi na hango ta a gabana, kwando a ka, ta tsaya cak. Ga kanofi a ƙofar gidanta ranar Laraba, ga fasto, ga dattawa, ga matan zumunta. Kwandon ya sulale, tumatir ya watse har cikin kwata. Ba ta yi kuka ba, sai ta durƙushe a wurin. Baba ya taso da gudu, ban taɓa ganin tsohon nan ya yi gudu ba, ya riƙe ta yana cewa, "Maman yara, ba naki ba ne. Naki na nan da rai, shi ya kira ni. Na Maman Tsallake ne."

Mama ta ɗaga hannu sama, da muryar nan tata, ta ce, "Yesu, na gode!"

Duk layin ya ji. Sai a lokacin ta ga wadda ke zaune a kan tabarma, idonsu ya haɗu. Mama ta toshe bakinta da hannu biyu, ta bi ta gefen katanga ta shige gida.

Duk zaman makokin nan Mama ce a bakin murhu. Ta dafa, ta kwashe, ta wanke, amma ba ta yarda ta matsa kusa da tabarmar ba. Ko gaisuwa sai ta shige tsakiyar mata ta sunkuyar da kai. Bayan an kwashe kujeru, in za ta kasuwa sai ta fita ta ƙofar baya. Na ce, "Mama, ki je mana." Ta ce, "Da wane bakin? Da wanda na yi godiya da shi?" Na ji tausayinta, na kuma ji haushinta, don Maman Tsallake na can ita kaɗai.

Da direban nan ya aiko cewa zai tashi, Mama ta yi dambunta shiru, ta zuba a rabin buhu. Ina zare allura sai muka ji sallama. Maman Tsallake ce, ta rame, da bokitin ƙuli-ƙuli a hannu. Mama ta miƙe ta rasa inda za ta sa kanta.

"'Yar'uwa, abin da na faɗa ranar nan…"

"Zauna, maman soja. Da ni ce na shigo layin nan na ga kanofi, aka ce mini ba nawa ba ne, kina tsammani me zan ce?"

Ta durƙusa ta buɗe buhun, ta leƙa, ta shinshina.

"Har yanzu ba ki rage yajin nan ba? Matsar da shi gefe, ƙulina bai samu wuri ba. Saura mana ɗaya a can, kar ki kashe mana shi."