Sau Uku Muna Zuwa Filin Jirgi

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Magarya, kuma iyakar abin da na sani game da jirgin sama shi ne ƙararsa idan ya ratsa can sama. Jirgin ƙasa kuwa tun ina yaro ake cewa yana nan tafe, ga shi furfura ta fara fito mini ban ga an shimfiɗa ko ƙarfe ɗaya a wajenmu ba. Abin da muke da shi hanya ce, ita ma rabi kwalta rabi rami. A kanta na ƙarar da ƙarfina a shekarar da Inna, mahaifiyata, ta samu kujerar Makka.

Inna tana zaune a ƙauyenmu, can bayan Dungas. Ƙanena da ke kasuwanci a Kano ne ya biya mata kujera ta hannun wani kamfanin jigilar alhazai a Damagaram, ni kuma aka bar ni da zirga-zirga don ni ne na kusa. Fasfo, hoto, allurar rigakafi, duk ni na kai ta na dawo da ita. Daga ƙauye zuwa Dungas sai kabu-kabu, wato babur na haya. Daga Dungas zuwa Magarya jar hanya ce mai kaɗa hanji, daga nan kuma zuwa Damagaram kwalta ce da direba ke bi yana kauce-kauce har kanka ya yi ciwo. Ita ba ta taɓa ƙorafi ba, ni ne mai mita. Sai ta ce, "Mushe, ka cika raki." Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, kuma idan tana son tsokanata sai ta kira ni da abin da ƴan lakwal ke kirana, Mushe, wato malam da Faransanci.

Da aka bugo mini waya aka ce jirginsu zai tashi ranar Alhamis, Inna ta yi abin da kowane maniyyaci ke yi a wajenmu. Ta bi gida-gida tana sallama tana neman gafara, irin ta wanda bai san ko zai dawo ba. Kwana biyu ta yi tana wannan zagaye. Ta shiga har gidan da ta yi shekaru ba ta taka ba saboda rigimar iyakar gona, aka yi kuka aka yafe wa juna. Ta raba wa jikoki kajinta, ta damƙa gonarta ta gyaɗa a hannun ƙanwata. Ranar tafiya gari kaf ya rako ta har bakin hanya, liman ya yi addu'a aka shafa, kowa yana cewa kada ta manta da shi a gaban Ka'aba.

Ranar Alhamis tun da hantsi muna ƙofar filin jirgi a Damagaram, ƙarƙashin itatuwan bedi, wato dogon yaro, cikin tarin maniyyata da jakunkuna iri ɗaya. Muka yi azahar a nan, muka yi la'asar a nan. Sannan wani mutumin kamfanin ya fito da waya a kunne, ya ce jirgi bai zo ba, kowa ya koma gida za a kira shi. Ya faɗe ta da sauƙi ƙwarai, kai ka ce duk a bayan filin jirgin muke kwana. Na so in tambaye shi ko ya taɓa taka hanyar Dungas, amma kafin in buɗe baki ya shige mota.

Da muka dawo Magarya na ce wa Inna gobe sai in mai da ita gari kafin a sake kira.

Ta ce, "Wane gari? Na yi sallama da mutane, sun yafe mini na yafe musu, liman ya shafa fatiha. In koma in ce musu me? In ce a maido mini kajina?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Daga ranar ta tare a ɗakin ƴaƴana mata, ta kafa mana doka cewa kada wanda ya sani. Idan ranar kasuwa ta zo, ƴan ƙauyenmu kan biyo gidana su sha ruwa. Da an yi sallama sai matata ta yi wuf ta kwashe takalman Inna da butarta daga bakin ƙofa, don duk ƙauyen sun san butar nan. Tsohuwar da ba ta iya zama wuri ɗaya, ga ta a ƙunshe cikin zafi tana sauraron muryar maƙwabtanta a tsakar gida. Abin yana ba ni tausayi, yana kuma ba ni haushi.

Bayan kwana tara aka sake kira. Damina ta sauka a lokacin, an kwana ana ruwa. Muna cikin tafiya muka tarar ruwa ya hau kan hanya a wani kwari, motoci sun yi layi gaba da baya. Muka jira har rana ta take, sannan direba ya ce kowa ya sauka a tura. Na ɗora jakar Inna a kai, ita ta tattare zaninta ta ratsa ruwan tana riƙe da kafaɗata. Na dawo na tura mota da sauran maza, laka har gwiwa, ga ni da farar riga don na ɗauka ranar rakiya ce.

Mun isa a makare, amma ba makarar ce ta hana mu ba. Jirgin ya zo, an kira sunaye, na Inna ba ya ciki. Aka ce bizarta ba ta fito ba tukuna, sai jirgi na gaba. Muka tsaya jikin wayar shinge muna kallo har ya yi gudu ya ɗaga. Inna ta bi shi da ido har ya ɓace, sannan ta ce, "Ashe haka yake da girma."

A nan ne na yi wautar da ta fi kowacce. Ina tsaye lakar tana bushewa a ƙafata, waya ta yi ƙara, ƙanwata ce daga ƙauye. Ta ce, "Yaya, mun ji a rediyo jirgi ya tashi. Inna tana ciki?" Na gaji, wallahi na gaji, ba ni da ƙarfin yin bayanin biza da layin sunaye. Na ce mata, "Eh." Kafin in mai da wayar aljihu na san labari ya gama gari. Ban gaya wa Inna ba. Na ce a raina ai jirgi na gaba zai mai da ƙaryata gaskiya.

Zuwa na uku ba shi da labari mai yawa. Hanya ɗaya, ramuka ɗaya, jandarmomin shinge ma sun gane mu, ɗayansu har yana cewa, "Baba, har yanzu?" Shi ne jirgin ƙarshe. Mutumin kamfanin bai zo ba, wayarsa a kashe. Wata ma'aikaciyarsu ce ta fito tana sunkuyar da kai, ta ce akwai waɗanda bizarsu ba ta fito ba sam, sai baɗi in da rai. Na ɗaga murya, na faɗi maganganun da ba zan maimaita ba, na haɗa da Faransancin da na tanada don irin wannan rana. Inna ta ja mini riga ta ce, "Ka bar zubar mana da mutunci a bainar jama'a." Ta nemi ruwa ta yi alwala, ta yi sallarta a gindin bedi, muka nufi tasha.

A gidana ta yi Sallar Layya, cikin ɗaki. Ranar Arfa ta yini da rediyo a kunne. Bayan salla da kwana biyu na zauna kusa da ita tana ɓarar gyaɗa, na gaya mata abin da na ce wa ƙanwata. Sannan na kawo shawara, wadda har yau nake jin kunyar bakina a kanta. Na ce ta ƙara haƙuri har alhazai su fara dawowa. Ƙanena zai aiko da dabino da zamzam da tasbaha daga Kano, mu kai ta gari a yi murna, baɗi kuma sai ta tafi da gaske. Wa zai sani?

Ta daɗe tana ɓarar gyaɗarta kafin ta ɗago. Ta ce, "Mushe, karatun naka ke nan? A riƙa ce mini Hajiya ina amsawa har in mutu, in je in tarar da Wanda ya san ban je ba?" Ta karkaɗe zaninta ta ce, "Ranar kasuwar Dungas za ka mai da ni."

Na roƙe ta ta zaɓi wata rana da babu jama'a. Ta ce ita dai ranar kasuwa ta ce.

Muka hau a-kori-kura da safe. Na samar mata gaba kusa da direba, ta ƙi, ta hau baya cikin mutane da buhuna. Muna sauka a tashar Dungas wata mata ƴar garinmu ta hango ta, ta ajiye ƙwaryarta ta rangaɗa guɗa. "Hajiya! Har kun dawo?" Inna ta ce, "Ban je ba. A Damagaram na tsaya, jirgi bai ɗauke ni ba." Ta faɗa wa mai kayan miya, ta faɗa wa ƴan kabu-kabu, ta faɗa wa duk wanda ya miƙo mata gaisuwa, kalma ɗaya ba ta canza ba. Wasu suka yi salati, wasu suka rasa inda za su sa idonsu. Ni ina bayanta da jaka a kai, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ƙi hawa babur, ta ce amalanken ƴan garinmu za ta bi, kuma duk wanda muka gamu da shi a gona sai an tsaya ta gaya masa.

Da la'asar muka shiga gari, muryarta ta riga ta dishe. A ƙofar gidanmu akwai kawu, yayan Inna, tsoho ne tukuf kuma idonsa ya daɗe da tafiya. Labarin kasuwa bai iso shi ba, ya dai ji ana cewa ga ta nan. Ya miƙe da ƙyar, ya miƙo hannuwansa biyu yana laluben inda take.

Ya ce, "Ina hannun da ya taɓa Ɗakin Allah? Zo ki shafa mini a ido."

Inna ta buɗe baki, sauti bai fito ba. Ta sake gwadawa. Sai ta juyo ta dube ni, ta ce a hankali, "Kai ka faɗa masa."

Na sauke jakar na durƙusa a gabansa. Na ce, "Kawu, ba ta je ba. Ni ne na ce ta tafi." Ya daɗe tsaye da hannuwansa a miƙe kafin ya sauke su.