Tsintsiyar da Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da kwamiti ya zo duba kamfanina. Na ce kamfani, amma lokacin duk kamfanin a jakata yake: takardar rajista da hatimi.

Wata ma'aikatar gwamnati ce ta fitar da kwangilar shara da goge-goge a ofisoshinta, kowa ya nema. Na shiga takara, na tsallake zagayen farko, aka ce za a zo a ga ofis da ma'aikata. Nan ake yin ta, don ba ni da ko ɗaya. Na roƙi wani abokina mai sayar da tayil a Narayi ya ara mini ofishinsa da ke cikin layin shaguna na yini guda. Ma'aikata kuwa, matan unguwarmu Makera na tara, yawancinsu masu riƙon marayu, na yi musu alkawarin aiki da albashi. Har sun fara ce mini Alhaji, ni kuwa ina amsawa ba kunya.

Na ɗinka musu riguna iri ɗaya, na sayo tsintsiyoyi da bokitai, na jera su a ƙofa. Wata dattijuwa a cikinsu ta ɗauki bokiti ta nufi bayan shaguna, na daka mata tsawa. "Inna, dawo! Kada wadda ta ɓata mini riga ko tsintsiya kafin baƙi su gani."

Kwamiti ya iso, shugabarsu wata Hajiya mai tabarau. Na yi ta ɗura musu kunun aya mai sanyi, ina zuba Turanci a kan muhimmancin tsafta. Sai gyaɗa kai take yi, har na fara zaɓar launin motar da zan saya. Ana kiran azahar ta miƙe.

"Malam, ina zan kewaya in yi alwala?"

Wallahi ban san inda banɗakin yake ba, sai da abokina ya nuna mini da ido. Na wuce gaba ina taƙama, na tura ƙofar. Ƙudaje ne suka fara yi mana maraba. Ashe duk masu shagunan layin a nan suke shiga, kuma ba mai wankewa.

Hajiya ta toshe hanci da mayafi, ta waiga ta dubi matan da tsintsiyoyinsu sababbi fil. "Waɗannan na ado ne?" Abin da ta ce ke nan. Turancina ya ƙafe.

Wani aka ba kwangilar, amma ba rashinta ne ya fi yi mini ciwo ba. A motar komawa gida dattijuwar nan ta ce a hankali, "Alhaji, can fa na nufa da bokitin."

Ashe abincin marayunta ta tafi karewa, ni na hana ta, don kada riga ta ɓaci. Tun ranar na san mai neman sharar gidan wani, nasa banɗakin ake fara leƙawa.