Daga Belbeji Zuwa Damagaram Neman Dattijo Mai Gita

Masana sun ce tafiye-tafiyen da suka cancanci alƙalami uku ne: ta hajji, ta neman ilmi, da ta fatauci. Ina roƙon izininsu in ƙara ta huɗu, wadda ni da abokina Lawali muka yi muna samari, ƴan kolej, don mu ga wani mawaƙi da idonmu.

A lokacin fadarmu ta shan shayi tana ƙofar shagon Ɗan Tani tela, shi ke da rediyo mai cin kaset. Kaset ɗaya muka fi so, na wasu Abzinawa masu gita, ba hoto ba suna a jikinsa. Muryar mawaƙin kauri gare ta, a hankali take tafiya kamar raƙumi da kaya. Ba ma jin harshensu Tamajak sosai, amma mun yanke cewa wannan tsoho ne da ya ga duniya, muka sa masa suna Dattijo. Da labari ya zo cewa za su yi wasa a filin ƙwallo na Damagaram, fada ta zaɓe mu mu kai gaisuwa, da ƙunshin cuku a hannu.

Belbeji zuwa Tanut

Muka fita bayan sallar asuba a bayan wata akori-kura, mu da buhunan gero da tumaki. Lawali ya rungume cukun a ƙirji. Motar ta kafe cikin rairayi, direba ya leƙo ya ce, "Ƴan lakwal, ku sauko ku nuna mana amfanin karatu." Muka tura. Sai azahar muka ga Tanut, muka sha fura a tasha, wadda har yau ban sha mai daɗinta ba, ko da yake yunwa ma gwanar dama fura ce.

Tanut zuwa Damagaram

Nan muka hau kwalta. A shingen Bakin Birji jandarma ya dubi takardunmu, ya dubi ƙunshin.

"Mene ne wannan?"

"Cuku ne, ranka ya daɗe, na Dattijo," in ji Lawali.

"Wane dattijo?"

"Mai gita."

Ya ce, "Iyayenku sun san da wannan?" Bai jira amsa ba, ya ɗaga sandar shingen. A Damagaram muka sauka gidan gwaggona a unguwar Zango. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin an ratsa ƙasar Damargu don a ga mai kiɗa ba, amma ga tuwo.

Filin ƙwallo

Washegari tun kafin la'asar muna kan dakalin siminti, rana na gasa mu. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba a wurin da ba Idi ba. Aka gwada lasifika, na ji ƙarar har cikin haƙarƙarina. Sai ga samari biyar da rawuna sun hau dandali. Wani siriri ya rataya gita, ya buɗe baki da murya siririya kamar shi kansa, kiɗa kuwa sai gudu yake kamar an biyo shi. Fili ya kaure, mata na guɗa, samari na tsalle. Kalmomin na waƙoƙinmu ne, amma wannan ba muryar Dattijonmu ba ce.

Lawali ya ce, "Yaransa ne ke share fage. Babba ba ya fitowa da wuri."

Muka zauna da ladabi, muna kallon bayan dandali. Jama'a na rawa, mu muna jira. Sau ɗaya ƙafata ta ci amanata ta fara bin kiɗan, Lawali ya harare ni. Da magariba ta gabato suka ajiye gita, aka watse.

"Ya rasu ke nan," in ji Lawali, idonsa ya kawo ruwa. "Ɗansa ne ya gaje shi."

Muka kutsa har inda suke loda kaya a mota. Lawali ya durƙusa gaban siririn nan, ya miƙa cuku da hannu biyu.

"Daga Belbeji muke. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ka gaji ko rabin muryarsa."

Saurayin ya janye rawani daga bakinsa, ya ce da Hausarsa ta Agadas, "Babana yana nan lafiya, yana kiwon awakinsa. Kuma bai taɓa waƙa ba." Ya karɓi cukun dai, ya yi godiya. Mutum ne mai tarbiyya.

Komawa

Da safe na saya wa fada tsarabar birni, sababbin batir huɗu a cikin ledarsu, don Ɗan Tani bai taɓa sayen sabo ba. Tsofaffi yake karɓa wurin mai shagon magani, ya shanya su a kan rufin kwano su sha rana. Duk hanya muna gardama, Lawali na cewa an ɓoye mana wani abu. Muka iso da yamma, fada ta cika.

"Kun gan shi? Yana da furfura?"

Na ce bari mu sa kaset tukuna. Ɗan Tani ya zuba sababbin batir, ya danna. Sai ga muryar siririn saurayin nan tana gudu a ƙofar shago. Shayi ya tafasa ya zube a gawayi. Can Ɗan Tani ya kashe rediyon, ya zare tsarabata ya miƙo mini.

"Ungo, ka sa a tocila. Kun je birni kun lalato mana mutum."

Ya mai da tsofaffin, Dattijo ya dawo, muka ci gaba da sauraronsa har kaset ɗin ya tsinke. Yau waƙoƙin duk suna cikin wayata, yadda mai su ya rera su, amma ba na iya kai ko ɗaya ƙarshe. Fadar ta watse, Lawali yana Agadas, Ɗan Tani ya riga mu gidan gaskiya.

Na gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa gwaggo da tuwonta. Mawaƙin da na fi ƙauna a rayuwata, batir huɗu ne da suka kusa mutuwa.